Wanda Ya Yi Magana da Injin Ƙyanƙyasa

Wari ne ya fara tona asirin. Da safe ma'aikatan gonar Alhaji suka buɗe ɗakin ƙyanƙyasa bayan hutun ƙarshen mako, zafi ya buge su kamar sun leƙa tanda, sannan warin ya biyo baya. Ƙwan da ke cikin babban injin, waɗanda saura ƙiris 'yan tsaki su fara fasa ɓawo, duk sun dahu a kan farantansu. Ma'aunin zafi da ke goshin injin ya haura inda babu ɗan tsakon da zai rayu. Ƙararrawar da aka sa don irin wannan rana kuwa ko tari ba ta yi ba.

Kafin rana ta take tsaka labari ya gama unguwa. Masu ƙaramin kiwo, zawarawa da 'yan fansho da matan aure, waɗanda suka share akurki suka sayi dusa suna jiran 'yan tsakin, suka cika ƙofar gonar. Wani ya ce ai maigadi kaɗai ke wurin a kwanakin hutu. Wata ta tuna wa jama'a cewa matar maigadin ƙanwar Injiniyan nan ce da Alhaji ya kora. Aka tambayi maigadi, ya ce shi bai ji komai ba. Gaskiyar da ya faɗa ke nan, ita ce kuma ta ja masa dukan taron. Lokacin da Sufeto ya iso da motar 'yan sanda, mutumin yana kwance a bakin kwata, ba ya gane kowa.

Washegari Sufeto ya aika a kira Mai-Sawu.

Sunan gado ne. Mahaifinsa sawun shanun sata yake bi a daji, shi kuwa gyaran sikeli da injinan masana'anta ya koya, har ya tsufa a kai. In ɓarawo ya bi ta cikin waya maimakon ƙofa, shi Sufeto ke nema. Ya daɗe da daina murna in an kira shi. Sau da yawa ya kai sawu har bakin ƙofar mai shi, ya juyo ya tarar waɗanda suka aike shi sun watse.

Alhaji da kansa ya shigar da su ɗakin, yana toshe hanci da bakin hula.

"Ba sai an wahalar da kai ba, Malam," in ji shi. "Kowa ya san wanda ya yi. Surukin ya buɗe ƙofa, korarren ya shigo ya huce haushinsa."

Mai-Sawu ya matsa kusa. Ya duba madannan da ke gaban injin, suna cikin akwatin gilashi a kulle.

"Makullin fa?"

"Yana aljihuna, ko wanka zan shiga."

"Ko da an buɗe, daga nan ba a kashe ƙararrawa. Waɗanda suka ƙera shi ba su yarda da ɗan Adam har haka ba."

Ya zagaya bayan injin ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Can ƙasa akwai wani ɗan baki mai haƙora tara, irin wanda masu sana'a ke kira siriyal. Ta nan ake yi wa inji magana kai tsaye, harafi na bin harafi a cikin waya. Ƙura ta lulluɓe bayan injin duka, ban da kewayen bakin nan. A gefensa kuma akwai tabon gam, inda aka ɓare wata 'yar takarda.

"Me ke manne a nan da?"

Alhaji ya ɗaga kafaɗa. Sufeto ya leƙo ta saman kansa.

"Yaren injin ne," in ji Mai-Sawu. "Saurin da yake magana da yadda yake jera haruffansa. In ba ka san su ba, ko ka yini kana sallama ba zai amsa ba. Wanda ya zo ya tafi da takardar."

Wata tsohuwar waya ta fito daga wajen ta hau silin. Alhaji ya ce ofishinsa ta nufa.

Kwamfutar tebur ɗin ofishin ta girmi wasu ma'aikatan gonar. Da aka kunna ta sai da ta yi nishi kamar mai tashi daga jinya. Manhajar da kamfanin injin ya bayar tana nan, amma da ya buɗe ta sai ta nemi lambar izini, kamfanin kuwa ya daɗe da rufewa. Mai-Sawu ya zaro filashi daga aljihu.

"Ba ka ce manhajar ta mutu ba?" in ji Sufeto.

"Waccan ado ce kawai, Yallaɓai. Abin da ake bukata taminal ne, allo fayau, ka rubuta inji ya ji, inji ya amsa ka gani. Guda uku nake yawo da su."

"Uku kuma? Kai da ko waya ɗaya ba ka iya riƙewa da caji."

"Kowacce da halinta. Wannan mai baƙin allo ba ta da nauyi, ko wace tsohuwar kwamfuta za ta ɗauke ta, amma abin da ya zama harafi kaɗai take nunawa. In inji ya yi gunaguni sai ta haɗiye. Ta biyu kyakkyawa ce, maɓallai ko'ina, sai dai tana da karambani, tana aika wa inji gaisuwar da ban sa ta ba. A wurin da aka yi ɓarna ba na son mai taɓa abu kafin in ce. Ta uku mummuna ce, amma duk abin da ya shigo ta waya sai ta nuna shi da lambarsa, ko shirme ne. Yau shirmen nake nema."

Ya zaɓi ta ukun. Ya nuna mata bakin da wayar take, ya sa saurin da yawancin injina ke amfani da shi, ya danna. Shiru. Ya rage saurin, ya ƙara, ya sauya jerin haruffan. Allon bai motsa ba.

"To, ba ka dace da yaren ba ke nan," in ji Alhaji daga kujerarsa.

"Da yaren ne, da na ga tarkace. Inji in ka yi masa magana da saurin da ba nasa ba yakan mayar maka da wasu ƙwarangwal ɗin alamomi. Wannan shirun na wanda ba ya ji ne sam."

Ya cire wayar, ya lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda ya haɗa haƙori na biyu da na uku a bayan kwamfutar. Duk abin da ya rubuta sai ya dawo masa a allo. Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Ya mayar da wayar, ya je can ƙarshenta a ɗakin ƙyanƙyasa ya yi haka nan, ya dawo. Babu abin da ya dawo. Aka kawo tsani ya leƙa silin. Ɓeraye sun gutsure wayar gida biyu, kuma bakin yankan ya yi tsatsa har ya yi kore.

Ya sauko yana kaɗe riga. A ransa ya so a ce daga ofishin nan aka yi, don ya ga irin kallon da Alhaji ke yi wa mutane. Sawun ya ƙi bi ta nan.

A barandar asibitin da aka kwantar da maigadi ya sami Injiniya, zaune a ƙasa kusa da ƙanwarsa, matar maigadi. Ita ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta rungume kwanon abincin da ta kawo wa mijinta, wanda ba a buɗe ba.

"An ce kai za ka ɗaure ni," in ji Injiniya.

"Ni ba na ɗaure kowa. Ina kake a kwanakin hutun?"

"Ina gida ina kallon silin, kamar kowane marar aiki. Shaidata matata ce, ka san kuwa nauyin shaidar mata a wajen Sufeto."

"Me ya haɗa ka da Alhaji?"

"Na ce a sauya wayar ofis, a sayi batirin ƙararrawa. Ya ce na cika faɗin abin da ba a tambaye ni ba."

"Yaren injin fa? Ka tuna?"

Injiniya ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Wani tsohon yayi ne, ba irin na kowa ba. Ban taɓa haddacewa ba, tunda yana manne a bayansa. Kuma sai da waya mai juyayyen ciki, miƙaƙƙiya ba ta yi. Amma in ka shiga, Baba, ko makaho zai iya. Ka buga alamar tambaya, shi da kansa zai jero maka duk abin da ake ce masa. Injin nan ba shi da sirri, ƙofarsa ce kawai mai wuyar samu."

Sai a lokacin matar ta yi magana, idonta a kan kwanon.

"Shekara da shekaru yana gadin ƙwan nan, ko fasasshe bai taɓa kawo mana gida ba. Har faɗa nake masa."

Mai-Sawu ya yi musu sallama ya fito. A bakin ƙofar asibitin Sufeto ya tare shi ya ce daga sama an matsa masa, in rana ta faɗi gobe babu wani suna, Injiniya zai kwana a bayan kanta.

Da safe ya koma gonar da waya mai juyayyen ciki a jakarsa, da niyyar cicciɓo kwamfutar ofis zuwa gindin injin. Alhaji ya hana.

"Tsohuwar nan in ka ɗaga ta ba za ta sake tashi ba. Ga ta ɗakin gwaji nan, bango ɗaya ne tsakaninsu da injin. Ta 'yata ce, Likita. In ka gama ma ka duba mata, tun ranar da abin nan ya faru na'urar gwajin jininta ta daina aika sakamako cikin kwamfutar. Masifa in ta zo ba ta zuwa ita kaɗai."

Likita 'yar Alhaji ce ta fari, likitar dabbobi, ita ke duba lafiyar kajin gonar. Ta gaishe shi da ladabi, ta ja masa kujera, ta koma bakin taga ta tsaya. Idanunta sun faɗa kamar na mai jinya.

Ɗakin ƙarami ne, fes, yana ƙamshin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na'urar gwajin jini tana bisa kantar ɗakin, wayarta mai haƙora tara, irin mai juyayyen cikin nan, tana soke a bayan kwamfutar. Har ya kai hannu aljihu zai zaro filashinsa, sai ya fasa. Mahaifinsa bai taɓa barin kowa ya taka wuri ba sai ya gama kallonsa. Ya buɗe 'yar manhajar taminal da ke kan kwamfutar, wadda aka kawo tare da na'urar. Irin masu sauƙin nan ce, ba ta ajiye abin da aka rubuta, amma takan tashi a kan saitin da aka bar ta.

Ya karanta saitin. Sannan ya juya na'urar gwajin ya karanta abin da ke rubuce a bayanta. Na'urar tana magana a kan saurin dubu tara da ɗari shida. Manhajar kuwa an bar ta a kan rabin haka, da wani jerin haruffa na tsohon yayi da ya daɗe bai gani ba. Ba lalacewa na'urar ta yi ba. Magana take yi, kwamfutar tana sauraron wani daban.

Ƙasan kantar akwai rami a bango inda bututun ruwa ya ratsa. Ya cire wayar daga na'urar gwajin, ya zura ta ramin, ya zagaya ɗakin ƙyanƙyasa. Ta kai bakin injin har da ragowa. Ya dawo ya zauna. Bai taɓa saitin ba. Ya danna maɓallin shigarwa sau ɗaya.

Injin ya amsa nan take, da haruffa tsaf, ya faɗi sunansa yana jiran umarni.

Ya buga alamar tambaya, ya nemi halin da injin yake ciki. Zafi an ɗaga shi da hannu. Ƙararrawa an kashe ta da hannu.

Bai juya ba, amma ya ji numfashin Likita ya sauya a bayansa.

"Baba," in ji ta a hankali, "ka sami abin da kake nema?"

"Na samu, 'yata. Da ban samu ba ya fi mini."

Wayarsa ta yi ƙara. Sufeto ne. Maigadi ya cika ɗazu.

Da la'asar aka taru a ɗakin gwajin, don Mai-Sawu ya ce a nan zai yi bayani. Alhaji ya zauna a kujera ɗaya tilo. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa da Injiniya, wanda aka ɗauko daga wajen makoki. Aka kira shugabar masu ƙaramin kiwo, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Uwar Kaji. Likita tana inda ya bar ta.

Ya yi maganarsa a taƙaice. Ba a taɓa gaban injin ba. Wayar ofis ta mutu tun kafin a kori Injiniya. Sannan ya nuna musu allon.

"Wannan kwamfutar tana jin na'urar gwaji lafiya lau har zuwa hutun nan. Injiniya kuwa rabonsa da gonar nan an daɗe, kuma in zai yi, da tasa kwamfutar zai zo, ba zai fasa ɗakin da ke kulle ba. Wani ya sauya mata yare zuwa na injin ƙyanƙyasa, ya gama abin da zai yi, ya mayar da waya inda take, ya manta bai mayar da yaren ba. Maigadi bai ji komai ba don babu abin ji. Ya ga wanda ya saba gani ya shiga ɗakin da ya saba shiga."

"Ɗakin nan mutum nawa ke da makullinsa?" in ji Sufeto, muryarsa ƙasa ƙasa, kamar mai fatan kada a amsa.

"Ni kaɗai," in ji Likita.

"Ke rufe mana baki," in ji Alhaji.

"Na rufe, Baba. Tun ranar nake rufe da shi, ga abin da ya haifar." Ta juya ga Uwar Kaji. "Inna, iyayen kajin da suka yi ƙwan nan suna ɗauke da cutar farin kashi. Na gwada jininsu, na sake gwadawa. Ta cikin ƙwai take bi. Da an ba ku 'yan tsakin nan, da sun mutu a hannunku, sun kuma shafa wa kajin da kuke da su. Na gaya wa Baba a yanka iyayen a zubar da ƙwan. Ya ce ilimi ne ke ɗibata. Na ce zan kai rahoto, ya ce in na kai kada in sake kiransa uba. Sai na ga in inji ya lalace, ba wanda za a zarga."

"Da suka taru a kan maigadin fa?" Injiniya ne ya tambaya. Bai ɗaga murya ba. "Kina ina?"

"Ina nan. Ta tagar nan nake ji." Ta nuna da hannu. "Na ce yanzu za su daina. Ina ta cewa yanzu za su daina."

Mai-Sawu ya dubi Uwar Kaji, don a kanta ya ɗora ɗan abin da ya rage masa na fata. Ita ce mai bakin da unguwa ke ji. Ya ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Sufeto," in ji ta daga ƙarshe, "in maganar nan ta fita, waɗanda suka taɓa maigadin fa?"

"Kisan kai ne, Hajiya. Na marar laifi."

"Da ɗana a cikinsu. Da 'ya'yan mutane da yawa." Ta share ido. "Wanda ya tafi ya riga ya tafi. Allah ya ji ƙansa."

Alhaji ya gyara zama. Ya ce shi zai ɗauki nauyin iyalan mamacin, kuma injin ai tsoho ne, kowa ya san tsohon inji da ruɗewa. Sufeto ya dubi takalminsa. Sannan ya ce shi dai abin da zai iya, Injiniya ya tafi gida, babu tuhuma a kansa. Saura kuwa, in ya rubuta 'yar Alhaji da rabin unguwa a takarda ɗaya, takardar ba za ta wuce teburin maigidansa ba.

"Ku rubuta ni," in ji Likita. "Ni na ce ku rubuta."

Babu wanda ya dube ta. Injiniya ya yi wata 'yar dariya, ya fita bai yi sallama ba.

Mai-Sawu ya zare wayar daga ramin bango, ya mayar wa na'urar gwajin, ya gyara saitin yadda yake a da. Nan take sakamakon da ya maƙale ya fara zubowa a allon, layi bayan layi. Ba wanda ya matso ya karanta. A tsakar gonar ya wuce ma'aikata suna wanke farantan injin, wasu kuma suna fitowa daga akurkin iyayen kajin da kwandunan sabon ƙwai.

Gidan maigadi ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu, katangarsa ɗaya da maƙwabta ta kowane gefe. Masu ta'aziyya ba su da yawa. Yawancin waɗanda ya kamata su zo sun san dalilin da ya sa ba za su iya haɗa ido da matar ba. Ya tsuguna daga bakin tabarma ya yi mata gaisuwa.

"Yayana ya gaya mini," in ji ta. "Amma shi ɗan'uwana ne, kowa zai ce kare mu yake. Kai nake so in ji. Shi ne?"

"Ba shi ba ne. Ba hannunsa, ba saninsa."

"Za a faɗa wa mutane?"

Ya dubi ƙasa. Ta gane.

"To kai ka faɗa," in ji ta. "Ka ɗaga murya. Suna nan bayan katanga, duk abin da ake yi a gidan nan suna ji."

Mai-Sawu ya miƙe tsaye da ƙyar. Shi ba mai ɗaga murya ba ne, rabon da ya yi tun yana saurayi. Ya fuskanci katangar, ya faɗa da iyakar ƙarfinsa cewa maigadi bai ci amanar kowa ba, an kashe shi ne a kan abin da bai sani ba.

Sannan a gidan da ke bayan katangar wani ya ƙara sautin rediyo.